Tasar da Ta Shiga Ɗaki Uku

"...ni kuwa na ce mace ɗaya, sana'a uku? Ta yi rawa, ta yi wasan kwaikwayo, yanzu kuma wai jera kayan mutane take yi. Wacce ce ta gaskiyar a ciki?" Gwaggo Rabi'atu ta dakata, ta zuba wa aljihun rigata ido. "Wayarka a kashe take?"

"A kashe take, Gwaggo."

"Miƙo ta nan."

Na miƙa mata. Ta ajiye ta a kan tabarma, ta kifa wata tsohuwar langa a kai, sannan ta koma kan murfin kwanon da take gogewa da toka. Ikilima, 'yar ƙanin babana, tana gefe tana tsince shinkafa. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Har shi ma, Gwaggo? Ɗan ƙaninki?"

"Ke ma ai 'yar ƙanina ce, ga abin da kika janyo mini."

Ikilima ta sunkuyar da kai kan farantinta.

Gwaggo Rabi'atu yayar mahaifina ce. A nan unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui aka haife ta, a lungun da ke bayan masu sayar da katifa. Kakanmu ya zo daga Damagaram da fataucin goro, bai koma ba. Sana'arta jere. Idan an kusa kai amarya, ita ake kira ta je gidan ango da ayarin mata biyu ko uku, su rufe ƙofa, su shirya ɗaki: gado, labule, da kwabar gilashi wadda ake cikawa da tasoshi, da kumbuna, da kwanukan tangaran, da kuloli, manya a ƙasa, ƙanana suna hawa har sama. Washegari dangin ango su shigo ganin ɗaki. Abin da idonsu ya gani a ranar shi za su riƙa faɗa a kan gidan su amarya har ta tsufa. Wurin uwarta Gwaggo ta koya. Ta ce tun tana ƙarama ita ke miƙa kwanuka, uwar tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa a matsar da wannan, a sauko da wancan. Daga bakin ƙofa ake jere, in ji ta, domin daga nan baƙo ke fara gani.

Ta auri wani tela, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya wanda yanzu yake garin Garwa. Lokacin rikicin da aka yi a garin nan tana cikin waɗanda suka kwana a harabar Masallacin Koudoukou. Ba ta son maganar wannan lokacin. Abu ɗaya take maimaitawa: uwa takan fara tara wa 'yarta kwanuka tun yarinyar tana goye, ta sayi ɗaya bana, ɗaya baɗi, ta tura ƙarƙashin gado. Rikicin ya wuce, mata suka koma gidajensu, suka tarar ko gadon babu.

'Yan mata kuwa ba su daina girma ba. Da aure ya dawo unguwa, iyaye mata suka riƙa zuwa wurinta a asirce, suna nuna mata kwanuka huɗu ko biyar, suna tambaya ko za su isa. Ba za su isa ba. Sai ta fara bin gidajen da Allah ya tsare wa kayansu, tana aro. Wannan gida kumbo biyu, wancan faranti shida. Ta cika kwaba, dangin ango su gani, su yi guɗa. Bayan ƙafa ta ɗauke, sai ta riƙa zuwa gaishe da amarya da ƙaton baho an rufe da zane, kaya suna komawa gidajensu kaɗan-kaɗan, amarya kuma tana cike gurbin da abin da ta samu. Mai bayarwa ba ta san ɗakin da kayanta suka shiga ba. Mai karɓa ba ta san daga ina suka fito ba. Gwaggo kaɗai ta sani.

Na tambaye ta ko ta yarda in rubuta wannan.

"Rubuta mana. Akwai macen da ba ta san ana aro ba? Abin da ba a sani ba shi ne gidan wa. Kai ka taɓa shiga ɗakin amaryar wani? To me za ka faɗa?"

Saboda haka ne ta kafa doka tun da daɗewa: ranar ganin ɗaki ba a shiga da waya. Takan tsaya a ƙofa da kanta ta ce hoto yana jawo wa amarya baki, mata kuwa suna tsoron baki, sai su cusa wayoyinsu a jaka. Ido yana mantuwa, in ji ta. Matar da ta ga tasa a ɗakin wance da rani, in ta sake ganin ta a wani ɗaki da damina, sai ta ce irinta ce.

Ana nan sai ga Madam Shalini. Ba'indiya ce, daga wani gari na bakin teku inda aka iya Faransanci. Wata cibiyar al'adu a cikin gari ce ta gayyato ta don ta shirya nunin ayyukan masu zane na Bangui. Ikilima tana aiki da wata ƙungiyar mata, sai aka haɗa su don ta zaga da ita unguwa. Ikilima a Duwala ta yi shekarun rikici, can ta yi boko, Faransanci da Sango sun fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ta dawo ta tarar ɗakunan amare cike da kaya, ta ɗauka arziki ne ya dawo.

"Ranar da ta fara kawo mini ita," in ji Gwaggo, "na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa. Doguwar mace, gashi ya fara fari, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ta zauna ta naɗe ƙafa kamar ta saba. Nan na fara lura. Baƙon da ya iya zaman tabarma tun ranar farko, ya yi yawon gidajen mutane da yawa."

"A ƙasarsu ma a ƙasa suke zama, Gwaggo," in ji Ikilima.

"Haka ta ce miki."

Gwaggo ta sa Ikilima ta tambaye ta aikinta. Madam Shalini ta ba da labarin kanta ba tare da an ja ta ba. Tun tana yarinya aka kai ta wurin wata malamar rawa, ta yi shekaru tana koyo, har ta fara fita gaban jama'a. Gwiwarta ta lalace, likita ya ce ta bari. Sai ta shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, da farko tana fitowa, daga baya ta koma bayan labule tana tsara inda fitila za ta haska da inda kujera za ta zauna. Daga nan wani mai gidan zane-zane ya ɗauke ta. Yanzu aikinta ta bi masu zane da masu sassaƙa, ta zaɓi abin da ya yi mata a cikin ayyukansu, ta jera a babban ɗaki mutane su zo kallo. Wani lokaci takan haɗa da masu rawa su yi a tsakiyar ɗakin.

Gwaggo ta ce, "Na ce ita ke zanawa? A'a. Ita ke saye? A'a. Nata ne kayan? A'a. To mene ne nata a ciki? Sai wannan mai bakin ta ce mini, wai Gwaggo ai ke ma haka kike."

"Ƙarya na yi?" in ji Ikilima.

"Ni na san iyayen kowace yarinya da na yi wa jere. Ita wa ta sani a nan? Tun rikici muna ganin su, masu kyamara, masu littafi, kowa da murmushi. Su tambaye ka ina ka kwana, me ka ci, wa ka rasa. Su tafi. Ba ka ƙara ganin su, amma fuskarka tana can tana yawo a inda ba ka taɓa zuwa ba."

Madam Shalini ta roƙa a bar ta ta ga jere. Gwaggo ta ce gani dai ba laifi, hoto ne babu. Ta je da ita wani biki, ta tsayar da ita a bakin ƙofa. Ta ce matar ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta matsa taku ɗaya hagu, ta dawo, ta matsa dama. Gwaggo ba ta ji daɗin wannan ba. 'Yan kallo sukan ruga ne wurin kwaba su taɓa. Wannan ta san daga inda ake duba.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne, a makonnin da suka biyo, Ikilima ta riƙa komawa da ita bayan an watse. Lokacin bukukuwa ne, kafin azumi. Iyayen amare suna murna baƙuwa daga Indiya ta zo ganin ɗakin 'yarsu, suka ce ta ɗauka mana, ai an riga an yi ganin ɗaki, baki ya wuce. Ta ɗauki ɗaki uku.

"Ni gani na yi abin alfahari ne," in ji Ikilima, murya ƙasa. "Kullum abin da ake nunawa a kanmu bindiga ce da kango. Na ce yau dai a ga muna da abu mai kyau."

"Ki tambaye ni mana."

"Da kin hana."

"To!"

Wata ranar Talata da hantsi suka zo nan gidan. Madam Shalini ta fito da babbar waya mai faɗin faranti, ta jera hotunan uku gefe da gefe. Gwaggo ta ce ta gane abin tun kafin matar ta buɗe baki. A tsakiyar kowace kwaba, a daidai inda ido ke sauka, tasa ɗaya ce zaune.

Tasar uwar Gwaggo ce. Ita kaɗai ta tsira daga gidansu, don tana hannun wata maƙwabciya da ta ara lokacin da abin ya faru. Na tambayi launinta, Gwaggo ta harare ni ta ce in ci gaba da rubutuna. Abin da ta yarda ta faɗa shi ne irin ta da ce, mai nauyi, wadda ba a kawowa yanzu, kuma duk kwabar da ta zauna a tsakiyarta, sauran kayan sai su yi kamar sun fi kuɗinsu. Shi ya sa take kai ta ɗakin da ya fi rashi.

Madam Shalini ta ɗora yatsa a kai tana murmushi, ta ce wannan fa, ɗaya ce ko?

Gwaggo ta ce, "Na ce wa Ikilima gaya mata kamfani ɗaya ya yi su, Titin Koudoukou cike yake da irinsu. Sai ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, ya yi girma. Akwai inda fenti ya ɗan ɓare kusa da mariƙin murfi. Ta buɗe na biyu, ga shi. Na uku, ga shi. Ni da na yi shekaru ina juya wurin nan yana kallon bango, ashe gilashin bayan kwaba yana nuna shi."

Matar ba ta ga tashin hankalin ba, murna take yi. Ta ce ta gane, aro ake yi, kuma ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Ta ce bango guda za ta ware: hotuna uku manya, mutane su tsaya su gano da kansu cewa tasa ɗaya ce ke zaga unguwa tana rufa wa amare asiri. Ta ƙara da cewa ita ma ranar da ta fara rawa a gaban jama'a, sarƙa da 'yan kunnen da ke jikinta na maƙwabta ne, kakarta ce ta bi gida-gida ta aro, kuma har yau ba wanda ya taɓa faɗa.

Na ce, "Wannan ai ya nuna ta san abin, Gwaggo."

"Ko kuma a nan ta ƙirƙire shi don in saki jiki. Ka manta 'yar wasan kwaikwayo ce? Kuma in gaskiya ne ba wanda ya taɓa faɗa, ita me ya sa take faɗa mini? Ga shi ta faɗa."

Gwaggo ta ce a lokacin fuska ɗaya ce ta tsaya mata a rai: uwar angon ɗaya daga cikin ɗakunan nan. Mace ce mai shago a cikin gari, mai shiga ko'ina, wadda tun farko ba ta so auren ba don tana ganin gidan su yarinyar bai kai ba. Ranar ganin ɗaki ta shigo da shirin raini, ta ga kwaba, bakinta ya mutu. In wannan mata ta tsaya gaban bangon nan, ko wani ya turo mata a waya, yarinyar ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan ba. Sauran biyun ma haka. Kuma babu uwar da za ta sake zuwa wurin Gwaggo a asirce.

Ba ta yi wa baƙuwar wannan bayanin ba, don bayani amsa laifi ne. Ta dubi Ikilima kawai ta ce da Hausa, "Ɗakin wa da wa kika kai ta? Kin san abin da uwar wance ta mallaka ranar da ta dawo daga masallaci?" Ikilima ta ce a nan ne ta gane. Ta juya ta yi wa Madam Shalini magana mai tsawo da Faransanci.

Matar ta sake duban hotunan. Ta tambaya ko za a iya nunawa a Indiya kaɗai, inda ba wanda ya san su. Gwaggo ta ce Indiya tana cikin wayar kowa a Kilomita Biyar. Ta tambaya in an yanke hoton, tasar kawai ta fito. Gwaggo ta ce matan unguwa sun san labulen juna. Daga nan ba ta ƙara roƙo ba. Ta goge su ɗaya bayan ɗaya a gaban Gwaggo, ta buɗe inda gogaggun hotuna ke taruwa ta sake gogewa. Ta ciro kyamara daga jaka, ta zare ɗan katin da ke ciki, ta ɗora a tafin hannun Gwaggo.

"Me kika yi da shi?" na ce.

"Turmi," in ji Ikilima. "A gabanta. Har da ƙara gishiri."

Gwaggo ta ce, "Gishirin da ma yana ciki. Na ce a tambaye ta na sama fa, wanda kuke cewa yana tafiya can ya zauna ko an fasa wayar. Ta dafa ƙirji ta ce babu. Na ce to."

"Kin yarda?" na tambaye ta.

"Na ce to."

Ba ta yarda ba. Ikilima ta ce har aka sha ruwa aka yi salla Gwaggo ba ta da sukuni. Duk matar da ta ga tana nuna wa wata waya a bakin famfo, sai ta rage tafiya. Da ranar buɗe nunin ta zo, ta yi abin da ta yi shekaru ba ta yi ba: ta ɗaura zanenta na fita, ta hau babur ɗin haya, ta bar unguwa ta shiga cikin gari. Ba ta gaya wa kowa ba. Ikilima na tsaye wurin baƙi sai ganin ta ta yi a ƙofa.

Ta bi bango ɗaya bayan ɗaya. Zanen masunta a kogin Ubangi, zanen wata mata da kwandon rogo, waɗansu gumakan katako, waɗansu kuma ta ce ba ta ga kansu ba balle ƙafarsu. Ta leƙa bayan wani labule. Ta tura wata ƙofa, ashe ɗakin ajiyar kujeru ne, mai gadi ya biyo ta yana magana da Sango, ta ce masa banɗaki take nema. Akwai wani allo da hotuna ke wucewa a kai, ta tsaya gabansa har suka zagayo farko. Babu kwaba, babu tasa. Madam Shalini ta hango ta, ta taho ta haɗa hannu biyu ta gaishe ta. Gwaggo ta amsa, ta yi mata barka da taro, ta fito.

"To ai shi ke nan," na ce. "Ta cika alkawari."

"A ɗakin nan dai babu." Ta ɗaga murfin da take gogewa ta duba shi a rana. "Amma bari in gaya maka. Da na koma bakin ƙofa zan fita, sai na juya na duba. Zane mafi kyau ba ta sa shi a tsakiyar bango ba, ta matsar da shi inda ido ke faɗawa in ka shigo. Raunanan ta sa su kusa da shi suna cin albarkacinsa. Wani mai tabo a gefe ta kai shi inda fitila ba ta kai ba. Matar nan ta iya jere."

"Kin ji ko!" in ji Ikilima.

"Shi ya sa ban yarda da ita ba. Mai jere ba ta taɓa fito da duk abin da ke hannunta. Ni na san abin da nake turawa bayan kwaba."

Madam Shalini ta koma ƙasarsu. Takan aiko wa Ikilima gaisuwa, ta ce a gaida Gwaggo. Gwaggo takan ce tana amsawa, sannan ta tambaya yanzu wane gari take, me take nunawa. Uwar angon nan har yau tana gaishe da Gwaggo da fara'a in sun haɗu, Gwaggo kuma takan dawo gida tana auna fara'ar, ko ta yi yawa.

Tasar ba ta ƙara fita ba. Gwaggo ta ce ko hotunan suna nan ko ba sa nan, ba za ta bari ta shiga ɗaki na huɗu ba. Ta naɗe ta cikin tsumma ta ajiye. Abin da ke damunta yanzu shi ne bikin da ke tafe, na wata marainiya da kakarta ta riƙe. Kayan gefe sun haɗu, tsakiya ce babu. Ta ji labarin wata tsohuwa can wajen gada wadda ke da wata tasa ta da da ba ta taɓa fitarwa ba, ko 'ya'yanta ba ta ara wa.

"Za ta ba ki?" in ji Ikilima.

"Yau dai ba zan tambaya ba. Gaisuwa zan je. An ce ƙafa na damun ta."

Ta wanke tokar hannunta a buta, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da ɗan kwalbar man zafi. Ta ce wa Ikilima ta ɗora shinkafar kada ta jira ta, ta zura takalmi, ta fita ta nufi wajen gada.